Gansakuka A Tankin Ruwa: Asarar Da Ke Cin 'Yan Lambun Kafanchan A Ɓoye

KAFANCHAN — Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, hunturu ya fara ja da baya, zafin bazara ya kunno kai, rijiyoyin Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita sukan yi ƙasa, wasu ma su ƙafe ƙaf. A wannan lokaci ne mai lambun da ya yi dabarar tara ruwan sama tun watan Oktoba yake buɗe tankinsa don ya ci moriyar tanadin da ya yi. Sau da yawa kuwa abin da yake tararwa shi ne ruwa kore shar, gansakuka ta lulluɓe bango, tana yauƙi, wani lokaci har da ɗan wari.

Daga nan sai shawara ta rabu biyu. Ko dai ya zubar da ruwan da ya shafe wata huɗu yana tattali, ya koma saye daga 'yan ga-ruwa, ko kuma ya nufi kasuwa ya sayo magani ya zuba, wanda in bai yi sa'a ba zai kashe gansakukar ya haɗa da dashen da ake son shayarwa. Ko wanne ya zaɓa akwai kuɗi a ciki, shi ya sa maganar ta shafi 'yan kasuwa kamar yadda ta shafi manoma.

Ruwa mai yawa, rani mai tsawo

Kudancin Jihar Kaduna ba ƙasar ƙarancin ruwan sama ba ce. A yankin Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi damina kan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma abin da ake samu a shekara yakan kai milimita 1,500, wasu shekarun ya zarce. Wannan ya ninka na Sakkwato. Matsalar ita ce rabonsa: wata bakwai ana malale, wata biyar kuma da ƙyar a ga ɗigo. Bugu da ƙari, yawancin ƙasar yankin a kan dutse take, don haka ba kowace rijiyar burtsatse ce ke ba da ruwa mai ƙarfi ba, rijiyar hannu kuwa tana bin damina ne, in ta tafi ita ma ta ja baya.

Kafanchan ta bunƙasa ne bayan da ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa a 1927, kuma tun daga lokacin take zaman kasuwar amfanin gonar yankin, musamman citta, wadda ƙananan hukumomin Jaba da Kachiya da Kagarko da Jama'a suka shahara da nomanta. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa cittar, ta ruɓar da gonaki masu ɗimbin yawa, asarar da aka ƙiyasta ta haura naira biliyan 10. A wannan shekarar ce kuma, ranar 29 ga Mayu, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Abubuwan nan biyu sun haɗu sun canza lissafi. Manomin da cittarsa ta ƙone dole ya nemi abin da zai kawo masa kuɗi da rani, kamar tumatir da attarugu da alayyafo da kabeji, ko renon dashen lemo da mangwaro da kwakwar manja. Injin ban-ruwa kuwa, wanda a da ake tayar da shi ba a duba agogo, ya zama sai an auna. Ruwan da ke zubowa daga indararo kyauta sai ya yi daraja.

Lissafin abin mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufin kwano daidai yake da lita 1. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100 zai iya karɓar lita 150,000 a shekara. In an cire kashi 20 cikin 100 na abin da ke fantsama da wanda ake zubarwa da gangan, saura lita 120,000, wato jarka 4,800 mai cin lita 25. Sai dai babu mai tankin da zai riƙe wannan duka. Lambu mai murabba'in mita 100 yakan sha kamar lita 500 kowace rana da rani, ke nan tanki mai lita 5,000 kwana 10 kawai zai yi masa. Wannan ya nuna cewa ruwan tanki ya fi dacewa da abin da ke shan kaɗan ya kawo da yawa: wurin renon dashe, ƙaramin lambun bayan gida, kiwon kaji, da tsare iri kafin damina ta sauka. Kuma tun da tanki tsada gare shi, ruwan cikinsa kaɗan ne, kowace litar da gansakuka ta ɓata jari ne ya zube.

Ruwa ba ya tsami banza

Gansakuka ƙananan tsirrai ne na ruwa, kuma abu uku take bukata kafin ta yaɗu: haske, da abinci, da ɗumi. Ɗumi dai babu yadda za a yi da shi a ƙasa irin tamu. Abincinta shi ne irin na kowane tsiro, wato sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda manomi ya sani a jikin buhun takin zamani. Ruwan sama yakan sauko kusan babu su, amma kafin ya kai tanki ya riga ya wanke rufin da ya sha ƙurar hunturu ta wata biyar, da kashin tsuntsaye da na jemagu da ƙadangaru, da ganyen mangwaro, da tokar ƙunar daji. Ruwan farko na damina shi ne ya fi kowanne ɗauko wannan datti.

Haske kuwa yana shiga ne ta hanya biyu: ko ta bakin tankin da aka bari a buɗe, ko ta jikinsa. Fararen tankunan nan masu kejin ƙarfe da ke cin lita 1,000, waɗanda ake sayowa kwance da araha, haske na ratsa su kamar kwalba. Haka ma wasu tankunan roba masu sirarin jiki. Duro da randa marasa murfi, da kududdufin da aka shimfiɗa wa leda, duk gonar gansakuka ce. Mai son gwada tankinsa sai ya leƙa ciki da tsakar rana ya tare bakin da jikinsa. In ya ga bangon yana haske daga ciki, to rana na shiga.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne, koriyar gansakuka ta yau da kullum ba guba ba ce ga shuka. In ta kai ƙasa takan ruɓe ta zama taki. Ɓarnarta ta wani wajen ce: tana toshe rariyar butar ban-ruwa da bututun ɗigo da matatar injin, tana yin ɓawo a saman ƙasar da ke cikin ledojin reno ta hana ruwa da iska shiga, kuma idan ta mutu ta kwanta a gindin tanki sai ta ruɓe ta shanye iskar da ke cikin ruwan, ya yi wari, kaji su ƙi sha. Mai lambun da ke zuba ruwa da bokiti a gindin itace ba shi da babbar damuwa. Wanda ya kashe kuɗi ya sa bututun ɗigo, ko yake renon dubban dashe, shi ne ke ji a jika.

Akwai kuma wata iri da ta fi wannan haɗari, wadda masana ke kira sayanobakteriya. Ita takan taso ne a ruwan da ke tsaye a fili mai yawan taki, ta yi kama da koren fenti da aka zuba a kan ruwa. Wasu nau'o'inta suna fitar da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. A garin Karuwaru na ƙasar Barazil, a 1996, masu ciwon ƙoda fiye da 50 sun rasu bayan da aka yi musu wankin jini da ruwan da ke da irin wannan dafi. A 2014 kuma an hana mutanen birnin Toledo na Amurka, kusan 400,000, shan ruwan famfo na kwana uku saboda shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan dafi a ruwan sha ƙanƙanuwa ƙwarai, kashi 1 cikin 1,000 na miligiram a kowace lita. Ana iya rarrabe su a gida: a tsoma sanda, in ta ɗago zare-zare kamar gashi, koriyar gansakuka ce, in sandar ta fito kamar an shafa mata fenti, a yi hattara. Ko a ɗebi ruwan a kwalba a ajiye ya kwana a wuri mai sanyi: ta yau da kullum takan kwanta ƙasa, mai haɗarin kuwa takan taru a sama. Irin wannan ruwa ba a ba dabba, ba a kuma yayyafa shi a kan latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye.

Garin neman gira

Inda asara ta fi yawa shi ne wajen magani. Da yawa daga abubuwan da ake zubawa a tanki suna kashe gansakuka ne don suna kashe tsiro, kuma ba su san bambancin na tanki da na lambu ba.

Na farko shi ne shuɗin gishirin tagulla, wanda ake kira kofa salfet. Tun 1904 masana aikin gona na gwamnatin Amurka suka nuna yana kashe gansakuka a madatsun ruwa, kuma har yanzu ana amfani da shi. Amma tagulla ba ta ƙonewa, ba ta tashi, taruwa take yi a ƙasa shekara bayan shekara har ta hana saiwa girma. Ƙarfinta ya fi tsanani a ruwan da ba shi da sinadarin farar ƙasa, ruwan sama kuwa haka yake, don haka awon da bai yi kome ba a ruwan rijiya zai iya kashe kifi a ruwan indararo. Masu kiwon tarwada su lura da wannan. Har ila yau, idan gansakukar mai dafi ce, kashe ta farat ɗaya yakan fasa ta, dafin ya watsu cikin ruwan. Abin da ya faru ke nan a tsibirin Palm na ƙasar Ostareliya a 1979, inda aka kwantar da yara fiye da 100 a asibiti bayan an zuba wannan magani a madatsar garin.

Na biyu shi ne maganin ciyawa. Wasu nau'o'insa suna share tanki tas, amma ragowarsa a ruwa ta isa ta ƙone tumatir da tattasai baki ɗaya. Haka kuma tankin da aka taɓa haɗa maganin feshi a ciki, ko wanda ba a san abin da ya ɗauko daga masana'anta ba, bai dace da ajiyar ruwa ba. Gishiri da kanwa suna ƙara wa ƙasa sinadarin da ke sa ta daskare ta ƙi shan ruwa. Kananzir da baƙin mai, waɗanda wasu ke ɗigawa don sauro, suna lulluɓe saiwa. Garin sabulu ma wani nau'insa yana ɗauke da fosfaras, wato a maimakon ya kashe gansakuka sai ya ciyar da ita.

Alif, wanda kowa ya sani wajen tace ruwa, yana kwantar da laka da gansakuka a gindin tanki, amma ba ya hana ta dawowa, kuma yawan amfani da shi na ƙara wa ƙasa tsami, alhali ƙasar kudancin Kaduna da ma mai ɗan tsami ce saboda yawan ruwan da ke wanke ta. Garin ƙwayar zogale ma yana tace ruwa ba tare da cutar da shuka ba, sai dai ruwan da aka tace da shi ba na ajiya ba ne, a yi amfani da shi cikin yini ɗaya ko biyu.

Kulorin, wato sinadarin da ke cikin ruwan wanki irin su Hypo da Jik, shi ne mai sauƙin samu, kuma yana aiki in an bi awo. Ruwan famfon da aka tace yakan isa gida da rabin miligiram ko ƙasa da haka a kowace lita, kuma ana shayar da lambu da shi ba a ga illa ba. Ruwan wanki mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, in an zuba mililita 30, wato babban cokali biyu, a lita 1,000, zai ba da kimanin miligiram 1 a kowace lita. Na gari mai ƙarfin kashi 65 kuwa giram ɗaya da rabi ya isa. Sharaɗin shi ne a duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, a guji mai ƙamshi ko wanda aka gauraya da sabulu, sa'an nan a ɗebi ruwan a duro buɗaɗɗe ya kwana ya yini kafin a ba ƙananan dashe, domin kulorin ya fice. Ba a haɗa shi da wani sinadari, don yana iya fitar da iska mai kisa. Kuma zuba shi a ruwan da ya riga ya yi kore asarar kuɗi ce, saboda dattin zai cinye shi nan take. Amfaninsa na gaskiya shi ne wanke tankin da aka riga aka kwashe aka goge.

Akwai kuma ruwan haidirojin feroksaid da ake sayarwa a kantin magani. Shi idan ya gama aiki yakan rikiɗe ya koma ruwa da iska, ba ya barin kome a ƙasa, har an yi amfani da shi a wasu tafkuna na ƙasar Holan. Tsadarsa ce ta sa bai dace da babban tanki ba, sai dai wanke bututun ɗigo da ƙananan mazubai.

Duhu ya fi kowane magani araha

Gansakuka ba ta rayuwa inda babu haske. Wannan ne ginshiƙin al'amarin, kuma kuɗinsa sau ɗaya ake biya. Tankin da haske ke ratsawa sai a shafa masa baƙin fenti ta waje, a bi da fari a kai don kada ruwan ya yi zafi, ko a naɗe shi da baƙar leda mai kauri, a kewaye da zana ko asabari, a yi masa rumfa. Murfi ya zauna daram. Bututun da ke shiga da wanda ke fita su zama marasa ratsa haske, a kuma ɗaure bakinsu da raga mai ƙananan ido, wadda za ta tare ganye da ƙadangaru da sauro gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne hana ta abinci. Kafin ruwan farko na Afrilu a share rufi da magudana, a sare rassan da ke kan kwano, a bar ruwa ɗaya ko biyu su wuce ba a tara ba. Bayan haka a sa bututun karkatar da ruwan farko: guntun bututu ne a tsaye mai toshe a ƙasa, wanda ke cika da ruwan dattin kafin mai tsabta ya haye zuwa tanki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a karkatar da kamar lita 1 ga kowane murabba'in mita na rufi. Ruwan da aka karkatar ba asara ba ne, gindin ayaba da gwanda na maraba da shi. Famfon ɗiba kuma a ɗaga shi taƙi ɗaya daga gindin tanki don kada a tayar da laka.

Na uku shi ne wanki sau ɗaya a shekara, a ƙarshen rani lokacin da tanki ya kusa ƙarewa. A kwashe lakar a kai ta kan tulin taki, a goge bango da buroshi, a ɗauraye. Babban tankin ƙasa ba a shiga shi mutum ɗaya, ba a kuma kunna inji mai hayaƙi a ciki ko a bakinsa.

Kududdufin fili shi ne ba a iya rufewa gaba ɗaya. Nan dabarar ita ce a yi shi mai zurfi maimakon mai faɗi, a yi masa inuwa, a tare shi da kunya don kada ruwan gona mai ɗauke da taki ya gangaro ciki, a kuma sa matatar yashi ko ta raga kafin bututu. Kifin karfasa yana cin gansakuka, ga shi kuma abin sayarwa. Kainuwa ma tana yin inuwa ta shanye takin ruwa, in dai ana rage ta a kai a kai. Masu renon irin citta suna da ƙarin dalili na kiyaye wannan: ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da saiwa suna bin ruwan da ya ratsa gonar da ta kamu, alhali ruwan da ya sauko daga kwano kai tsaye zuwa rufaffen tanki bai taɓa ƙasa ba.

Inda kasuwa take

Ga ɗan kasuwa, akwai ƙofofi a nan. Mai sayar da tanki da zai riƙa haɗa wa abokin ciniki da murfi mai kyau da raga da bututun karkatarwa zai bambanta da mai tura tanki tsura. Magina da masu aikin famfo za su iya ƙwarewa kan tankin siminti da waya, wanda haske ba ya ratsa shi, yana sanyaya ruwa, kuma ana gina shi da yashi da ƙwadagon gida. Wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan fanni. Tailan ta baza miliyoyin manyan randunan siminti masu cin lita 2,000 a ƙauyukanta a shekarun 1980. Barazil kuma daga 2003 ta rungumi shirin gina tankuna miliyan ɗaya masu cin lita 16,000 a yankinta na arewa maso gabas mai fama da fari, daga baya ta ƙara da masu lita 52,000 domin lambu da kiwo. Dukansu rufaffu ne.

Yankin ba ya rasa cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin gwaji da horarwa. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Abin da ya rage shi ne jari. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma manomin da ya fito daga asarar citta ba lalle ne yana da kuɗin tanki a hannu ba. Ƙungiyoyin gama kai da bankunan al'umma za su iya ba da rancen da za a biya daga cinikin dashe, wanda kasuwarsa ke buɗewa da saukar damina.

Mai ba da irin wannan rance kuwa, kafin ya sa hannu, zai kyautu ya je ya ga tankin da idonsa, ya duba ko yana da murfi da raga da bututun karkatar da ruwan farko. Tankin da ya cika waɗannan sharuɗɗa uku zai kai ruwan Oktoba har zuwa Maris garau, dashe ya rayu, bashi ya biyu.